Taƙaitawa: shirin gabatar da takarda a taron masana kimiyyar siyasa na yanki

An tattauna yadda ya kamata mai bincike ya shirya gabatar da takardarsa a irin wannan taro. Ga abin da aka yi ittifaƙi a kai:

1. Tsokacin takarda, wato gajeren bayaninta da ake tura wa masu shirya taro, ya tsaya a kalmomi 250, sai in masu shirya taro sun faɗi wani adadi. A sa tambayar bincike guda, tushen bayanai, da abin da aka gano. Jigo mai faɗi irin "dimokuraɗiyya da ci gaba" shi aka fi ƙin karɓa, domin babu tambaya a cikinsa.
2. A zama mai takardu huɗu, minti 12 zuwa 15 kowa ke samu. Wanda ya daɗe kan bitar ayyukan magabata, ana katse shi kafin ya kai ga sakamako.
3. A tura wa mai sharhi, wato wanda zai yi nazarin takardun a zaman, cikakkiyar takarda mako biyu kafin taron.
4. A san yadda aka tara alƙaluma. V-Dem, mai auna dimokuraɗiyya a ƙasashe, ta dogara da ƙiyasin masana, ACLED kuwa, mai tara bayanan rikice-rikice, galibi da rahotannin kafafen labarai, saboda haka yankin da 'yan jarida ba sa shiga yana iya bayyana lami lafiya alhali ba haka ba ne.

Inda aka rabu:

5. Takardu kan dabarun koyarwa, kamar kwaikwayon zaman majalisa a aji. Wasu sun ce bayyana darasin ya wadatar. Mafi yawa sun nace a gwada ɗalibai kafin darasin da bayansa, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi.
6. Binciken da bai kammala ba: wasu na ganin taron yanki ne wurin gyara shi, wasu na tsoron a riga mutum wallafawa.