POP ko adon tukwane? Ku ba ni shawara

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Na tara sidi 3,000 daga tuƙin pragya (keke mai ƙafa uku na haya), ina son koyon sana'ar hannu. Wani masta a Asawase, nan Kumasi, ya ce zai koya mini POP (aikin silin da adon ɗaki da farin garin filasta) cikin shekara 2. Wata dattijuwa kuma a Pankrono ta yarda ta koya mini ginin tukwane da yi musu zane. Amma ina fama da asma, kuma da safe kaɗai nake da lokaci. Wanne zan kama?

Mai Siminti: POP kawai, ɗan'uwa. Dubi gidajen da ake ginawa ta Kenyase, kowanne da silin mai ado. Ni 1,500 na biya kuɗin shiga.

Baban Hamdiya: 1,500 a wace shekara? Bara na kai yarona, 4,000 aka karɓa, ban da katan ɗin lemo da kujerar roba.

Garba Tafo: Ƙanena, kafin ka miƙa ko kobo, saurara. Ni ma haka na shiga da zumuɗi. Ɗebo ruwa, ɗauko buhu, wanke bokiti, nan rayuwata ta tsaya. In masta zai zuba furen adon silin a mazubi, sai ya aike ni sayen wake da shinkafa don kada in ga yadda ake yi. Hatta cewa garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwan ake zubawa kan gari ba, a bakin wani ɗan Togo na ji. Shi ya nuna mini shafa sabulu a mazubi don kada ya kama, da sa zare a ciki don ya yi ƙarfi. Rannan muka yi silin a gidan da kwanonsa ke yoyo. Na faɗa wa masta, ya ce in rufe baki. Damina na sauka silin ya yi rawaya, ya rufto a falo. Da mai gida ya zo da faɗa, ni aka nuna, wai ni na kwaɓa. Na bar shi da Allah, amma har gobe abin na cina.

Hajiya Mariya: Allah ya saka maka, Garba. Kai kuma ɗana, kada ka raina yumɓu. A Sirigu, can arewacin Ghana, na ga mata suna zana bango da jar ƙasa da baƙi da fari, har ƙungiya suka kafa tun 1997, baƙi na zuwa saye. Tukunya tun tana da ɗan danshi ake karce mata zane, a goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi.

Sarkin Barkwanci: Hajiya, so kike ya je neman aure a ce ango maginin asanka (kaskon niƙa) ne? Surukai dai ba za su rasa abin niƙa tattasai ba!

Mai Siminti: Da girmamawa Hajiya, kallo kika je yi. A bar waɗanda suka taɓa hawa tsani su yi magana.

Hajiya Mariya: Yaro, ni ke sarar tukwanen nan ina kaiwa kasuwar Kejetia. Wanda ke saye ya fi ka sanin abin da ke tafiya.

Ɗan Aboabo: Na gode, amma maganar asmar fa? Ƙurar POP ko hayaƙin gashin tukwane, wanne ya fi illa?

Garba Tafo: Ko ka ƙware ma, wa zai ba ka aiki? Mutanenmu na zango in sun tashi gini, 'yan Togo suke kira, su biya su lakadan. Kai kuwa sai a ce ai ɗan gida ne, a yi haƙuri sai bayan Sallah.

Baban Hamdiya: Gaskiya ɗaya ce, layin mutanen nan a miƙe yake, kuma ƙarfe bakwai suna wurin aiki.

Mai Siminti: To Baba, cikon kuɗina na aikin da na yi wa wani alhaji tun azumin bara, shi ma karkataccen layi ne ya riƙe shi? Duk Juma'a sahu ɗaya muke sallah.