Wa ke da littafin zuwan jirgin ƙasa Kano?

Jikan Banufe: Salamu alaikum 'yan zaure. Kakanmu aikin shimfiɗa dogo ne ya kawo shi Kano daga ƙasar Nufe, bai sake komawa ba. Ina son in haɗa salsalar gidanmu. Wane littafi zan nema?

Malam: Wa'alaikumus salam. To layin Baro ke nan, da ya taso daga ƙasar Nufe, wanda ya iso Kano a 1911. Nemi littafin Hogendorn a kan cinikin gyaɗa. Da Turanci yake, amma ya nuna yadda gyaɗa ta cika tashar Kano tun daga 1912. Sunan kakanka dai ba za ka gani ba, lebura ba ya shiga littafin Bature.

Hajiya Babba: Ɗana, ka ji ta bakina. Mu ma mun so haka bayan rasuwar mahaifinmu. Aka haɗa mu da wani wai masanin salsala, muka yi karo-karo muka biya shi. Wata shida muna binsa, kullum gobe. Da ya kawo takardun, sai ga mu mun fito daga Bagadaza, alhali kakanmu da na sani da idona, mai fataucin goro zuwa Gwanja, ko sunansa babu! Ashe abin da ya ba wani gida ya ba mu, ya canza sunaye. Ga gwaggonmu a ɗaki da ta san komai har kirarin kowa, ba wanda ya tambaye ta, har Allah ya karɓi abarsa. Ka fara da tsofaffin matan gidanku, ka naɗi muryarsu a waya.

Malam: Allah ya jiƙanta. Bayan nan Jikan Banufe ya leƙa Arewa House, gidan adana tarihi a Kaduna.

Bakatsine: Banufe da salsala? Ka tambayi kogi mana, shi ya haife ku.

Jikan Banufe: Ku da jirgin ma bai ga damar zuwa garinku ba.

Bakatsine: Funtuwa fa? Layin Kaura Namoda ta nan ya bi.

Uwar Biyu: Funtuwa ba birnin Katsina ba ce, kawu.

Ɗan Tasha: Layin Kaura an gama shi a 1929, na Nguru a 1930. Mu Nguru ne ƙarshen dogo.

Uwar Biyu: Hajiya, ku masu goro ku nemi littafin Lovejoy, akwai Agalawa fataken goro a ciki.

Hajiya Babba: Da Hausa yake?

Uwar Biyu: A'a.

Hajiya Babba: To sai jikokina sun zo hutu.