Wai me ake nufi da curmudgeon?

Ummu_Haidar:
Slm ƴan uwa, dan Allah masu turanci ku taimaka min. Na ci karo da kalmar curmudgeon a wani rubutu, an kira wani tsohon ɗan jarida da ita, na duba kamus wai mai saurin fushi, to ai grumpy ma haka aka ce. Meye bambancin, kuma daga ina ta fito? ni sam ba ta min kama da turanci ba.

Malam_SB:
Wa alaikissalam Hajiya. Grumpy kowa na iya zama, yaro ma in bai samu barci ba zai tashi yana ƙunci, anjima ya ware. Curmudgeon kuwa hali ne, kuma yawanci dattijo namiji ake faɗa wa, irin mai mitar nan da yara na ƙwallo a ƙofar gida ya leƙo yana tsaki, a kawo shayi ya ce sikari ya yi yawa, a rage ya ce an raina shi. Tsohuwar kalma ce, tun ƙarni na 16 take a rubuce a Ingila, kuma a da marowaci ake nufi da ita.

Dan_Kurmi:
Asalinta ne abin dariyar wlh. Samuel Johnson a kamus ɗinsa na 1755 ya ce wai daga faransanci coeur méchant take, sai ya ƙara da cewa wani da bai san ko waye ba ne ya aiko masa da bayanin a wasiƙa. A 1775 wani John Ash ya zo yin nasa kamus, ya kwafa bai fahimta ba, ya rubuta wai coeur na nufin wanda ba a sani ba, méchant kuma mai aiko wasiƙa 😂

Damagaram227:
Kai jama'a! mu nan ɗan firamare ma ya san coeur zuciya ce, méchant mugu. Wato mai muguwar zuciya kenan.

Dan_Kurmi:
Haka ne ɗan uwa, sai dai ita ma maganar Johnson ɗin masana ba su karɓa ba, kamus na yanzu cewa suke ba a gano asalinta ba. Akwai masu kawo cornmudgin, mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, wani Bature mai fassara littattafai, Philemon Holland, ya yi amfani da ita a 1600, ta dace da rowar kam amma curmudgeon ta riga ta bayyana a rubuce, to ka ga da wuya a ce daga nan ta fito.

Ummu_Haidar:
Na gode sosai, Allah ƙara ilimi. To zagi ce? don akwai wani kawunmu da ta dace da shi tsaf.

Malam_SB:
Ba ta kai zagi ba, turawa har da wasa suke faɗa, wani ma da bakinsa zai kira kansa haka. Amma Hajiya ki rufa wa kanki asiri, in kawun na jin turanci kar ki gwada a gabansa.