Neman kalma: me za a kira ƙasar da ke kai furen zinariya Siyam?

Binta: Assalamu alaikum. Malamai a agaza mini, gobe da ƙarfe 10 na safe za mu ɗauki shirin tarihi a gidan rediyo, kalma ɗaya ta hana ni barci. Shirin kan sarakunan Malayu ne na Keda, Kelantan, Taranganu da Patani. A da, duk shekara 3 kowannensu yakan sa a ƙera 'yar bishiya ta zinariya da wata ta azurfa, da ganye da furanni, a sa a jirgin ruwa a kai wa sarkin Siyam, Tailan ta yau. Suna kiran abin bunga mas, wato furen zinariya. Takardar da nake fassarawa ta kira ƙasashen tributary states. Na rubuta "ƙasashe masu biyan haraji", da na karanta a bayyane sai na ji kamar maganar 'yan tireda nake yi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Haraji bai shiga ba. Talaka ke biyan haraji, a ƙidaya shi, a ba shi rasit. Waɗannan kuwa sarakuna ne da fadarsu da alƙalansu. Ki ce ƙasashen da suka yi mubaya'a.

Ɗan Gobir: Jizya fa?

Malam Habu: Haba ɗan'uwa. Sarkin Keda Musulmi ne, na Siyam mabiyin Buda. Wa ke karɓar jizyar wa?

Baba Tanko: Haraji, mubaya'a, jizya, duk aron Larabci. Hausa ta ƙare ne? Muna da caffa tun kaka da kakanni. Ni na daɗe da gina kalmar: macaffiyar ƙasa, jam'i macaffan ƙasashe. Kamar yadda ake cewa mabiyi, mabiya. Shekara 6 ke nan ina faɗa, ba mai ji.

Ɗan Gobir: Allah ya ja zamanin Baba, mai sauraro zai ɗauka 'yan sanda ne suka cafke ƙasar.

Baba Tanko: Yaran yanzu ke nan. In Bature ya ƙirƙiro sai ku haddace, in naku ya yi sai dariya.

Hajiya Rabi: Ku tsaya, akwai abin da kuka tsallake. Mai kaiwa da mai karɓa ba su taɓa yarda da ma'anar furen ba. A fadar Siyam ana rubuta shi a matsayin miƙa wuya. Sarakunan Malayu kuma suna cewa alamar zumunci ce tsakanin sarki da sarki. Shi ya sa sarkin Keda ya ga yana da ikon bai wa kamfanin Turawan Ingila tsibirin Pinang a 1786. A 1821 kuwa Siyam ta auka wa Keda da yaƙi, Sarki Ahmad Tajuddin ya gudu Pinang ɗin. In kin ce mubaya'a ko caffa, kin yanke wa Siyam gaskiya. In kin ce kyauta, kin yanke wa Keda. Kalmar da ke ɗaukar fuskokin nan biyu a wurinmu ita ce gaisuwa. Abin da sarakuna ke aikawa Sakkwato a da ke nan. Tun kafin jihadi ma, tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja ne ya fara kai wa Borno gaisuwa.

Bakano Na Asali: Hajiya, da girmanki, ki cire Kano a zancen nan. Abin da aka aika Borno kyautar makwabtaka ce kawai. Kano ba ta taɓa zama baran kowa ba.

Hajiya Rabi: Madalla, ƙanena. Da sarkin Keda na nan da ya rungume ka. Maganarsa ka faɗa baki da baki.

Ɗan Gobir: Mu dai Gobirawa shaida ne, ba mu ce komai ba.

Bakano Na Asali: Bagobiri, ka je ka nemo inda Alkalawa take tukuna.

Binta: Don Allah yayyena, lokaci na tafiya. Hajiya, gaisuwa ta kwanta mini, sai dai abu biyu. Yaro ɗan shekara 20 in ya ji "suna kai gaisuwa" zai ɗauka ina kwana suke zuwa yi. Sannan ga 1909, da Siyam ta sa hannu a yarjejeniya da Ingila, ta sallama mata Keda, Kelantan, Taranganu da Perlis, Patani ta rage a hannunta. Wanda ake kai wa gaisuwa kawai, ta yaya zai ba da ƙasar mutum?

Malam Habu: Shi ya sa na ce mubaya'a. A wannan gaɓar gaisuwa ta yi sanyi da yawa.

Hajiya Rabi: Ai abin ne ya canza, kalmar ba ta yi laifi ba. Zuwa lokacin Turawa sun zo da taswira da iyaka, suna son kowace ƙasa ta zama ta mutum ɗaya. A da Kambodiya takan kai wa Siyam da Biyetnam duka biyun, ba wanda ya ga abin mamaki. Ki ce a 1909 Siyam ta sallama ikon da take iƙirari a kansu.

Binta: To, ga yadda zan yi. Karon farko zan ce "ƙasashe masu kai gaisuwar sarauta", in bayyana furen a jimla ɗaya, daga nan sai "masu kai gaisuwa". A 1909 in bi lafazin Hajiya. Na gode ƙwarai.

Malam Habu: Kalma biyar a madadin biyu. Ba komai, rediyo ce, a takardar jarrabawa dai ba zan karɓa ba.

Baba Tanko: Gaisuwa dai Hausa ce, wannan na yarda. Amma 'yata, in minti ɗaya ya rage a ƙarshen shirin, ki ambaci macaffiya ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.