Kafin a kulle rumbun bayanan gwajin magani: ina kweri (tambayar neman gyara a bayanan da aka shigar) ya fi taruwa?

Mai kula da bayanai, Katsina: Salamu alaikum 'yan uwa. A wane gurbi na fom kuka fi samun matsala idan lokacin kulle rumbu, wato rufe ƙofar gyaran bayanai, ya matso?

Mai shigar da bayanai, Daura: Wa alaikumus salam, Malam. Ranar haihuwa ce. Uwa ta ce "bayan babbar salla, gero na fitar da kai", ma'aikaci ya cike 01/01 don ya wuce. REDCap, manhajar shigar da bayanai, ya lissafa shekaru da wannan ranar, sai yaron da shekarunsa ba su kai ba ya shiga gwaji. A fara duba katin rigakafi. In babu, a rubuta wata da shekara, a nuna ƙiyasi ne, yadda tsarin gwajin ya tanada. Sunan wata kuma da haruffa, kamar 03-APR-2024, don 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne.

Nas, Katsina: Ga alkunya kuma. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai laƙabi. Wata mai zuwa kaka ta kawo shi da sunan yanka, a buɗe masa lamba ta biyu, yaro ɗaya ya zama biyu. Lambar katinsa ake bi. Suna ma ba ya shiga CRF, wato fom ɗin bayanan gwajin; yana rajistar da aka kulle a kabad.

Mai sa ido kan gwaji: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni abin da ya fi damuna gyara ne. Layi ɗaya a kan kuskuren yadda zai karantu, adadin gaskiya a gefe, harufan farko na sunanka, kwanan wata, dalili. Ba gogewa, ba shafawa. Kar a taɓa kwamfuta sai takardar asali ta nuna haka. Nauyi 8.5 da ya koma 85 ba ƙaramin abu ba ne, tunda da kilo ake auna maganin yara. A sa wa gurbin iyaka tun farko.

Mai shigar da bayanai, Daura: A riƙa duba agogon kwamfutar hannu kowace safiya. In ya kauce, sai ya nuna an ɗebi jini kafin dangwala yatsa a takardar amincewa.

Nas, Katsina: Dangwalen ma sai da shaidan da ba ya cikin masu gwajin. In kuma an kwantar da yaro a asibiti, a kai rahoto ga masu ɗaukar nauyin gwajin cikin awa 24 da samun labari, ko sakamakon jini bai fito ba. Sauran bayani ya biyo baya.