Geocaching a cocin ƙauye a Ingila: lissafi na jefa mutum tsakiyar gona

Talatu: Jama'a barkanmu. Ina yin geocaching, wato wasan neman ƙaramar roba da wani ya ɓoye ta hanyar bin lambobin GPS. A jerin Church Micro, na robobin da ake ɓoyewa kusa da coci-coci, shafin bayanin robar ya ce a tattaro lambobi daga harabar coci a cike gurbin A, B da C a lambar wuri N 51° 12.ABC. Me ke sa lissafi ya ɓace har ya nuna tsakiyar gona? Kuma ana ɓoye robar a cikin makabartar ne?

Bitrus: Malama Talatu, yawanci ba a ciki take ba. Cocin wurin tattara lambobi ne kawai, robar tana waje, gindin shinge ko bayan allon hanya, sai in hukumar cocin ta ba da izini. Kar ki ɗaga dutsen kabari ko ki zare dutse daga katanga.

Matsalar lissafi kuwa, duba gurbin da kuskuren ya faɗa. A layin arewa, C ɗaya kusan mita 2 ne, B mita 18, A mita 185. Idan 3 ta rikiɗe miki ta zama 8 a gurbin A, kin yi nisan kusan kilomita guda. Yawancin masu ɓoyewa suna ba da jimillar lambobin don a gwada. Kar ki taka ko'ina sai taki ta yi daidai da tasu.

Ladi: Ƙari kan bayanin Malam Bitrus: tsofaffin duwatsu ne ke yaudara. Ki haska tocila daga gefe, kusan a kwance da dutsen, inuwa za ta fito da rubutun. Ban da goga ko alli, suna cinye dutse. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take farawa, shi ya sa za ki ga an sassaƙa 1721/2 ga wanda ya rasu a Fabrairu. Karanta tambayar da ke shafin da kyau ki ga wace shekara ake nufi, 1721 ko 1722. Akwai kuma tsohuwar "s" mai tsawo da ke kama da "f", tana rikita masu ƙirga haruffa.

In ƙofa a buɗe take, ki shiga, don rabin daɗin yana ciki. Bakan ƙofa mai zagaye galibi aikin zamanin Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Mai tsini ya biyo baya. Kwamin baftisma sau da yawa ya girmi ginin da ke kewaye da shi. Allon sunayen limaman cocin ma kan koma ɗaruruwan shekaru, kuma masu ɓoyewa na son ɗaukar lamba daga nan, ko daga dutsen tunawa da mamatan yaƙin 1914 zuwa 1918.

Bitrus: Na manta: kusa da hasumiya ko ƙarƙashin manyan itatuwa GPS na waya kan kauce da mita 10. Fita fili ki bari ya natsu. Ki riƙe biro don sa hannu a takardar da ke cikin robar, ƙaramar roba ba ta ɗaukar nata. Ranar Lahadi da safe kuma a bar masu sujada su tashi tukuna.