Taku kawai, me yake ƙara wa doki?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum masana doki. Dokin da ya yi wata uku a turke babu kilisa, an ce sai ya yi makonni yana taku kawai kafin sassarfa ko sukuwa. Mene ne amfanin haka, kuma yaya ake yi?

Mai Akawal:
Wa alaikumus salam. Ka riƙe wannan shawara, ɗan'uwa. Tsoka da numfashi suna saurin dawowa, agara, wato jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, ita ce ke jan lokaci. Sai ka ga doki yana zumuɗin gudu alhali ƙafa ba ta yi ƙwari ba, ka sakar masa linzami, washegari ka tarar da kumburi a bayan ƙwauri. Fara da minti 20 kullum a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, kana ƙara minti 10 duk mako har ku kai awa ɗaya. Mako 4 zuwa 6 ke nan. Ka guji yashi mai zurfi, yana jan agara. In kun dawo, bi ƙafafun huɗu da tafin hannu. Duk wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, a dakata.

Dattijon Barga:
Sai dai ba kowane taku ne aiki ba. Kasa kunne: sauti huɗu za ka ji, tazararsu ɗaya. Waiwaya ka duba sawu, kofaton baya ya sauka a kan sawun na gaba ko ya ɗan wuce shi. In bai kai ba, jan ƙafa yake yi.

Yawanci hannun mahayi ne ke ɓata abin. Doki mai taku yana gyaɗa kai, dole hannunka ya bi shi gaba da baya. Ka ƙanƙame linzami, bayansa ya sandare, sai ƙafafun gefe ɗaya su soma tafiya kusan tare, kuma gyaran wannan akwai wuya. Kada ka yi ta dukan ciki da dunduniya, zai daina jin ta. Taɓa sau ɗaya, ya amsa, ka bari.

Mai Goɗiya:
Ƙari kaɗan, Malam. Daga mako na uku ka jera sanduna huɗu a ƙasa, tsakaninsu santimita 80 zuwa 90, ya riƙa tsallakawa. Ka ɗan hau tudu da shi, yana gina cinya. A taku ake koyar da tsayawa da ja da baya, taku uku ko huɗu sun isa. Ko ya koma sukuwa, minti 10 na farko taku ne, haka ma na ƙarshe, har hakinsa ya kwanta kafin a kwance sirdi.